Dosiye Na Tara

Na san na ɓace muku kwana goma sha biyu. Na ga saƙonninku, masu tambayar kalar anko da masu cewa amarya ta fara jan aji tun ba a ɗaura ba. Ku yafe mini, ba jan aji ba ne. Sau uku ina buɗe waya in rubuta, sai in sake ajewa. Yau dai zan faɗa muku, tun daga wata ranar Laraba.

Ga waɗanda sunka shigo kwanan nan, sunana Mardiya, shekarata ashirin da huɗu, gidanmu na unguwar Wadata nan cikin Tawa. Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya, ina kuma sitaji, wato gwajin aiki, a ɓangaren ciwon fata na asibiti, ƙarƙashin Lokotoro Rissa. Wanda zan aura shi ne Issouf, ma'aikacin dabbobi da anka aje a Barmou. A ranar da nake ba ku labari, saura mako biyar a ɗaura mana aure.

Kafin a ba mu takardar gamawa sai kowace ɗaliba ta rubuta memwar, wato kundin bincike. Ni Lokotoro ne ya zaɓa mini nawa. Ya ce in shiga ɗakin da ake tara dosiye, wato fayil-fayil na marasa lafiya, in bi na shekara goma ɗaya bayan ɗaya, in ƙidaya mutum nawa anka samu da wata sankarar fata da ake kira melanom.

"Ciwo ne da ba a cika gani ba a wurinmu," in ji shi. "Amma ba wanda ya taɓa zama ya ƙidaya mana. Gare mu baƙar fata, yawanci a tafin ƙafa yake fitowa ko ƙarƙashin farce. Baƙin tabo ne kawai da farko. Mutum ya ɗauka ƙaya ce ko kaushi, ya yi ta takawa a kai."

Mako bakwai na yi a ɗakin nan, taga ɗaya, fanka ta mutu, kwalaye har rufi. In na fito, farar rigar aikina ta koma ruwan ƙasa, Inna ta yi ta faɗa wai karatu nake ko haƙar rijiya. Cikin dubban dosiye, takwas na samu. Takwas kacal. Yawancinsu tsofaffi ne, manoma da makiyaya, biyu daga wajen Tébaram, wata tsohuwa daga cikin gari. Kusan dukansu sai da ƙafa ta fashe ta fara wari sannan anka kawo su.

Kowace Juma'a Issouf na zuwa Tawa a kan babur, da cuku a nannaɗe cikin takarda na Inna, mu zauna a zaure. Ni kuwa da zumuɗin aikina ba ni da hira sai ta dosiye. Shi ma ya yi ta tambaya.

"To ƙaramar lokotoro, su takwas ɗin nan, yaya sunka ƙare?"

"Uku an yanke musu ƙafa. Biyu sun rasu, sauran an tura su Yamai, daga nan ba labari."

"In an yanke, shi ke nan an warke?"

"In an zo da wuri. In ya riga ya hau ya kama kaluluwa a matsematsi, da wuya mutum ya ga damina biyu."

Haka na faɗa mishi, ina ɓare gyaɗa ina dariya, ina jin daɗi wai na sami miji mai son aikina. Na tuna ya ce shayin ya yi sanyi. Tun damina yake ɗan ɗingishi. Ya ce mini ƙayar aduwa ce ta karye a ciki. Sau biyu na ce ya cire takalmin in duba, ya ce wace amarya ce ke ganin ƙafar ango kafin biki. Duk zafin da ake yi, da safa da rufaffen takalmi yake zuwa. Ni da nake kwana ina tashi da hotunan tafin ƙafa, ban haɗa ba. Ku yi mini duk hukuncin da kunka ga dama, na riga ku yi wa kaina.

Ranar Laraba da hantsi, Majo Haula, babbar ma'aikaciyar jinya ta ɓangarenmu, ta shigo da wasu dosiye a hannu.

"Ga na bana, a biro na Lokotoro suke, a kan teburinsa. Ya ce akwai guda a ciki da zai shiga lissafinki."

Har murna na yi. Na ce a raina, tara ta fi takwas kyau a takarda. Na zauna na buɗe, na fara da sakamakon da ya dawo daga Yamai, don a nan idona ya saba faɗawa. Melanom, tafin ƙafar hagu. Na duba shekaru, talatin da ɗaya. Na ce kai, wannan yaro ne. Sannan na ɗaga ido zuwa saman takarda.

Issouf Mamman. Barmou. Ma'aikacin dabbobi. Da lambar wayar da na haddace tun bara.

Ban yi kuka ba. Na karanta dosiyen tun daga farko har ƙarshe kamar yadda na karanta sauran. An yanki ɗan nama an aika Yamai wata uku da sunka wuce. Sakamako ya dawo ranar wata Alhamis, kuma na gane ranar, don washegarinta ne danginsa sunka kawo akwatunan aurena, shi kuma ya aiko mini saƙo wai in an ɗinka leshin nan ruwan zuma in saka in turo mishi hoto. A ƙasan shafi, da rubutun Lokotoro, an sa: kaluluwa a matsematsin hagu, a tura shi Yamai da gaggawa. Ƙarƙashin wannan, randebu uku, ranakun da anka ce ya dawo, kowanne da magana ɗaya a gabansa. Bai zo ba.

Na miƙe na nufi biro, ofishin Lokotoro. Lokotoro Rissa na wanke hannu, ya ɗan sassauta rawaninsa saboda zafi.

"Lokotoro, wannan na ƙarshen, me ya sa bai tafi Yamai ba?"

Ya girgiza kai. "Yaron ga ya dame ni. Mai ilimi ne, ya fahimci duk abin da na ce. Na kira shi da kaina har sau uku. Ya ce in ba shi wata biyu, akwai biki a gabansa. Na ce mishi ciwon ba ya jiran biki."

"In ya tafi yanzu fa?"

"Da ya tafi ranar da na ce, da na fi sakin jiki. Yanzu ban sani ba sai an duba ciki. Amma kowane mako da ya wuce, an rage mishi wani abu." Ya dube ni da kyau. "Mardiya, kin san shi ne?"

Na ce, "Bikin nawa ne."

Ya aje tawul ɗin da ke hannunsa. Sannan ya jawo mini kujera. Ya ce da ya sani da dosiyen bai zo hannuna ba, ya roƙe ni gafara, ya kuma tuna mini cewa abin da ke cikin takardar nan sirrin mara lafiya ne, ko Innata ba ni da izinin faɗa wa. Ya ce, "Amma shi kina iya yi mishi magana. Wataƙila ke ya ji."

Na kira Issouf sau shida kafin la'asar, bai ɗauka ba. Na rubuta mishi: *Ina son ganinka, ba sai Juma'a ba.* Alamar karantawa ta fito. Bayan kusan awa ɗaya ya amsa: *Muna allurar shanu, aiki ya yi yawa. Ki kula da kanki.* Bai sa ƙaramar lokotoro ba, bai sa komai ba.

Da safe na ce wa Inna an tura mu aikin ƙauye. Ƙarya ta farko da na taɓa yi mata mai girma haka. Na saka doguwar riga baƙa da hijabi mai ruwan toka, na hau kabu-kabu zuwa tasha, na shiga motar Barmou tsakanin wata mata mai buhun albasa da wani tsoho da ke riƙe da igiyar akuya.

Na same shi a bayan gari, wurin shingen ƙarfe da ake tura shanu a yi musu allura. Yana jingine da ƙarfen, duk nauyinsa a ƙafar dama. Da ya hango ni bai yi mamaki ba. Ya miƙa wa abokin aikinsa sirinji, ya tako a hankali, munka koma ƙarƙashin wata bagaruwa nesa da mutane.

Na ce, "Cire takalmin."

"Mardiya."

"Na ga dosiyen. Cire in gani da idona."

Ya zauna a kan saiwa ya kwance igiyar takalmin. Safar ta manne, sai da ya ja a hankali. Na durƙusa na ɗauki ƙafar na ɗora a gwiwata, ban damu da masu kallo ba. Tabon ya kai faɗin bakin kofin shayi, baƙi ƙirin, gefensa ba daidai ba, tsakiyarsa ta fashe tana tsattsafo da jini. Irinsa na gani a hoto sau ba adadi, ban taɓa riƙe shi da ɗumi a hannuna ba.

"Duk tambayoyin da kake yi mini a zaure," na ce, "kanka kake tambaya wa."

"Wa zan tambaya in ba ke ba? Ke ce kinka ƙidaya su."

"Ka bar ni ina dariya."

"Dariyar nake zuwa ji." Ya karɓe ƙafarsa ya fara mayar da safar. "Da farko na ce bari in tsaya da ƙafafuna biyu ranar ɗaurin aure, in shiga ɗakinki da su, bayan nan su yanke abin da za su yanke. Ranar da kinka ce da wuya mutum ya ga damina biyu, na koma gida na taɓa matsematsina. Tun ran nan na san abin da nake shirin yi miki zalunci ne. Na rasa ƙarfin faɗa ne kawai."

"Waɗancan takwas ɗin ba su san abin da ke jikinsu ba. Kai ka sani, ka zauna wata biyu. Tashi mu tafi. A ɗaura gobe bayan Juma'a, ba anko ba kiɗa, jibi mu kama hanyar Yamai. Aikina ne jinya, Issouf. In ban yi maka ba, wa zan yi wa?"

Ya ɗaure igiyar takalmin, ya sake kwancewa, ya sake ɗaurewa.

"Jiya da na ga kiranki shida, na gane kin sani. Kawu Muktari ya tafi Tawa da motar farko. Ina jin kun yi saɓani a hanya. Yanzu haka shina gaban Babanki."

"Ya je yin me?"

"Ya faɗa musu gaskiya. Ya ce na janye."

Na ce mishi ban yarda ba, ba shi kaɗai ke da magana a ciki ba. Na faɗi abubuwa da yawa da ba zan rubuta a nan ba, har da cewa matsoraci ne. Bai musa ba. Ya raka ni har bakin mota yana ɗingishi a bayana, ya tsaya sai da direba ya tayar. Ta madubi na ga bai ɗaga hannu ba.

La'asar sakaliya na shiga gida. Abin da na fara gani, akwatunana huɗu a tsakar gida a kan tabarma, an fito da su daga ɗakin Inna. Leshin ruwan zuman da tela ya gama ɗinkawa shekaranjiya na saman na farko, a ninke. Inna na zaune bakin murhu, tukunya na tafasa ba ta ko duba ta. Gwaggo Raƙiya, yayar Baba, ta riga ta iso daga unguwar Bilbis da mayafinta a kafaɗa.

"Aikin ƙauye ko?" in ji Inna, ba ta ɗago ba. "Tun yaushe kinka sani?"

"Jiya, Inna."

"Ki gode wa Allah, ɗiyata," Gwaggo ta karɓe. "An ce ciwon ga ko a asibiti sai a yi shekara ba a ga mai shi ba. Duk mazan Adar, shi ya zaɓa. Wannan ba banza ba, akwai abin da ke bin jininsu. Ki haifi ɗiya su zo da shi?"

"Gwaggo, ba a ɗaukarsa, kuma ban ga inda ya bi gida ɗaya ba. Mutum tara na samu cikin shekara goma, ba wanda ya haɗa dangi da wani."

"To su taran, suna ina yanzu?"

Na juya wajen Inna.

Inna ta share ido da bakin zane. Ita fa tana son Issouf, ita ke ajiye mishi fura mai sanyi duk Juma'a. Ta ce, "Na yi jinyar kakarki shekara uku, na san abin da jinya ke yi wa mace. Ke ko ɗakin ba ki shiga ba. Yaron ga ya yi mana mutunci da ya faɗa. Ki bar shi da mutuncinsa."

Baba ya fito daga ɗakinsa da carbi a hannu. Tsohon direba ne, shekara talatin yana bin hanyoyin arewa kafin idonsa ya fara gajiya, ba mai yawan magana ba. Na durƙusa a gabansa.

"Baba, ku ba ni shi haka nan. Na ji na gani."

"Ba ni na karɓe ki daga hannunsa ba, Mardiya. Shi ya sake. Na tambayi Muktari sau uku ko da tilas a ciki, ya ce babu." Ya dubi akwatunan. "Gobe a mayar musu. Ba zan bi mutum da ɗiyata ina roƙo ba, kuma ba zan kai ki takaba da hannuna ba. Maganar ta ƙare."

Na shiga ɗaki na kwanta da hijabina. A waya ƙawayena na ta turo hotunan ɗinkin anko a gurup, wata na tambaya ko gwaggwaro za a ɗaura ko ɗankwali. Na rubuta wa Issouf: *Ko ba ni, ka tafi Yamai. Don Allah.* Saƙon bai shiga ba.

Washegari Juma'a ban je asibiti ba. Da hantsi ina shanya a tsakar gida, Baba na kan tabarmarsa a inuwar zaure, Inna na ɗaure akwatunan da igiya, sai ga saƙon murya daga Huseina, ƙanwar Issouf. Hannuna da ruwa, na danna da gwiwar yatsa, muryar ta fito da ƙarfi kowa na ji.

"Anti Mardiya, ya ce kar in faɗa miki, amma ba ni iyawa. Yaya ya tahi tun da asuba shi da Kawu. Ba Yamai sunka nuhwa ba. Wani mai magani ne a ƙauye gaba da Tébaram, an ce shina ƙone irin wanga ciwo da ƙarhe, ba a yanke ƙahwa. Kawu ne ya matsa mishi, shi kuma ya ce duk ɗaya ne gare shi yanzu. Ya bar wayarshi a gida. An ce gobe da sahe za a yi."

Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, ruwa na zuba a ƙafata. Inna ta saki igiyar.

Baba ne ya fara magana. "Zo nan."

Na je na durƙusa.

"Ke kinka karanta. In an ƙone shi, mi ke faruwa?"

"Saman zai ƙone, Baba. Na cikin yana nan yana tafiya. Ƙafar za ta ruɓe, kuma kafin ta lafa a iya yi mishi aiki, lokacin ya wuce. Biyu daga cikin waɗanda na ƙidaya haka anka yi musu."

"Sun tashi?"

"A'a."

Ya ja carbinsa ƙwaya uku ko huɗu. Sannan ya dafa bango ya miƙe, ya ce wa Inna ta miƙo mishi hula da makullin tsohuwar motarsa, wadda rabon da ta wuce kasuwar dabbobi an fi shekara.

Inna ta ce, "Malam, da idon naka? Hanyar Tébaram fa."

"Na san ta tun ba a haifi yarinyar ga ba." Ya juyo gare ni. "Za mu biya wurin lokotoronku ki karɓo takardar Yamai, ki zo ki zauna gaba ki riƙa gaya mini ramuka. Amma ki ji da kyau tun nan, don kar ki sa rai. Ba surukina za ni ɗaukowa ba, wannan magana ta mutu jiya. Ɗan mutane ne za a kashe, kuma ya ci abinci a gidana."

Na ce, "To, Baba."

Na shiga ɗaki neman hijabi, sai a lokacin kukan da ban yi ba tun Laraba ya zo. Ina jin Baba a waje yana ta murza makulli, motar na tari tana mutuwa, tana tari tana mutuwa. A karo na biyar ta kama.